Kamerar da Ke Kallon Gidan Ya Fanta

Ranar da aka kafa wa Alhaji Alkasum kamarori a magazarsa, ɗakin ajiyar hatsinsa, rabin Birni, tsohuwar unguwar Zinder, ya fito kallo. Ya Fanta ba ta fito ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da magazar, kuma tun da safe aka aiko cewa mata su shiga ɗaki, za a hau soro. Suka shiga. Tana jin ƙarar injin huda bango har ƙasa na zubowa ta ɓangarenta, amma ko leƙawa ba ta yi ba. Matar marigayi Mala Ari, mai shekara sittin da uku, ba ta tsayawa a lungu ta saki baki don an jingina tsani. Ban da haka ma, abin da ke cikin gidanta ya ishe ta.

Bazarar 2012 ce. Daminar da ta wuce ta yi wa Damagaram rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Tiyar gero ta yi tsadar da magidanci zai tambayi farashi, a faɗa masa, ya juya kamar ya tuna wani saƙo. Mutanen ƙauye sun fara kwararowa cikin Zinder da ƙullin kayansu. A irin wannan lokaci mai hatsi shi ne babban mutum, shi ne kuma wanda hankalinsa bai kwanta ba. Alhaji Alkasum ya rantse buhunansa suna tafiya da ƙafarsu. Sai ya aika aka kira masa Suma'ila, wanda ya yi wata shida a Yamai ya dawo da jakar wayoyi a kafaɗa da Faransanci a baki, yana ce wa kansa teknisiye.

Aikin da Suma'ila ya yi, babu mai yaba masa sai shi kansa. Kamera huɗu ya kafa. Ta farko ya sa ta a ƙofar magaza tana fuskantar gabas. Rana na fitowa sai ta cika mata ido, ba ta nuna komai sai fari fat, daidai lokacin da kamiyo, babbar motar dako, ke sauke kaya. Ta biyu ya kai ta can ƙarƙashin indararo wai kada yara su jefe ta, daga can kuwa ba ta ganin fuskar kowa, sai saman hula da tsakiyar rawani. Ta uku tana cikin magaza, amma ya bi da wayarta ta waje a gindin bango, tsirara, ba bututu ba komai. Kwana biyu akuyar unguwa ta gama da ita. Bai haɗa musu batir ba, don haka da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, duk su mutu tare, kuma ɗauke kuran a Zinder da bazara ba labari ba ne. Ko agogon na'urar bai saita ba, ana kiran azahar ita tana cewa asuba ce.

Ta huɗu ce kaɗai ta fito yadda ake so, ita ce kuwa ya kamata a ce ta lalace. Alhaji ya ce ta baya ɓarawo ke haurowa. Suma'ila ya hau har kusurwar soron magaza ya ɗaure ta, ya karkato da kanta ƙasa. Ba rana a idonta, ba abin da ya tare mata, hotonta tar. Ta kama kan katangar, gaskiya ne. Ta kuma kama duk abin da ke bayan katangar: tsakar gidan Ya Fanta, tun daga gindin darbejiya har ƙofar makewayi. Suma'ila fa ɗan Birni ne, a cikin irin gidajen nan uwarsa ta haife shi. Ya san babu namijin da ke hawa soro a unguwar sai ya sanar da maƙwabta, ya kuma sanar. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne in ya sauko zai bar ido a can.

Sai kuma allon da ake kallon hotunan, wanda Suma'ila ke kira ekaran. Maimakon a sa shi a ɗakin ciki inda mai kaya kaɗai ke shiga, Alhaji ya ce a ɗora shi a kan kanta a bakin magaza, kowa ya gani ya ji tsoro. Nan ne kuwa bencin da maza ke zaman shan shayi tun safe. Ba wanda ya ji tsoro. Tele suka samu ta kyauta.

Duk wannan Ya Fanta ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne ɗanta Gana ya tafi Tamanraset neman aiki tun bayan girbin da ba a yi ba, ya bar mata matarsa Lubabatu da ƴaƴa uku, wata huɗu ke nan ba saƙo. Gidan Mala Ari ba gidan da ake jin kukansa ba ne. Mala malami ne, kakanninsa daga Borno suka zo, kuma a zamaninsa daga gidan nan ake fitar da tuwo, ba a shigo da shi. Wannan suna Ya Fanta ta riƙe da ƙarfin tsiya. Ta sayar da tasoshinta ɗaya bayan ɗaya ta hannun dillaliyar wata unguwa mai nisa. Ta daina cin abincin rana ta ce azumin nafila take yi. In za ta je suna ko gaisuwa sai ta yi turare ta ɗaga kai, wanda ya tambaye ta gida ta ce alhamdu lillahi, da muryar da ba ta barin tambaya ta biyu.

Da gero ya ƙare ƙaf, Lubabatu ce ta kawo shawara, tana magana tana kallon ƙasa. Ita ƴar ƙauyen Dogo ce, ɗiyar manoma, ta san abin da ake yi in rumbu ya zama wofi. Ta ce uwarta za ta iya aiko musu da anza. Ya Fanta da suna kawai ta san anza: ƴaƴan wani ɗan itacen daji ne masu ɗacin bala'i, ba a cin su sai yunwa ta kai wuya. Sai an ɓare, an tafasa, an jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, a garin da ruwan ma sai an bi ɗan garuwa da lallashi. Daga ƙarshe Ya Fanta ta ce a aiko, amma a cikin buhun gawayi, kuma daga ranar ƙofar zaure a rufe take. Ta tara jikokinta ta ja musu kunne, ta ce duk wanda ya faɗa wa wani abin da ake ci a gidan nan, ita da shi ne.

Haka suka yi ta yi. Kullum da hantsi Lubabatu ta jawo babbar roba tsakar gida, ta tsiyaye ruwan jiya ta zuba sabo. Zafin bazara ba ya barin riga a jikin mai aiki, don haka da ɗaurin ƙirji take yi, kai ba kallabi, kamar kowace mace a cikin gidanta. A saninta daga ita sai uwar mijinta sai Allah.

Kwana kamar biyar da kafa kamarorin, Balki maƙwabciyarsu ta buga ƙofa ta miƙo ƙwarya rufe da faifai. Gero ne a ciki, wai a dama wa yara kunu. Shekara talatin suna maƙwabtaka, Balki ba ta taɓa kawo mata ɗanyen hatsi ba. Dafaffe ake musaya, na marmari. Ɗanyen hatsi kuwa magana ce. Ya Fanta ta karɓa don ba a mayar da hannun maƙwabci. Bayan kwana biyu mahaucin bakin lungu, wanda ko gaisuwa sai ya ga dama, ya aiko da ƙashin miya. A hanya kuma ta lura gaisuwar maza ta sauya. Ta yi tsawo, ta yi laushi, irin wadda ake yi wa mai jinya.

A gidan wata gaisuwar rasuwa abin ya fashe. Mata sun cika rumfa, Balki ta matso kusa da ita ta rage murya, amma ba ragewar da za ta hana na kusa ji ba.

"Ya Fanta, ki ce wa yarinyar nan ta riƙa sa toka a ruwan farko. Ya fi saurin cire ɗacin. Haka muka yi a wancan farin."

Ya Fanta ta ji kamar an kware mata zane a tsakiyar kasuwa.

"Wane ɗaci?" ta ce.

"Haba, ai ba abin kunya ba ne. Shekarar ce ta zo da haka."

Mata biyu da ke gefe suka sunkuyar da kai, sunkuyarwar ce kuma ta gaya mata su ma sun sani. Ta shafa fatiha ta tashi. Ta shiga gida da zafinta, zafin kuwa ya sauka a kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba.

"Lubabatu! Zo nan. Wa kika gaya wa?"

"Me, Iya?"

"Kada ki mayar da ni ƙaramar yarinya. Birni kaf ta san abin da ke cikin robar can. Ni ban faɗa ba, yara ba su isa ba. Saura wa?"

"Wallahi, Iya, wata biyu ban taka zaure ba. Ko ɗan garuwa a bakin ƙofa yake ajiyewa, ke kike karɓa."

"To iska ce ta kai? Na san halinku. A ƙauyenku kowa cikinsa a buɗe yake, abin da aka ci da wanda ba a ci ba duk a bakin rijiya ake baje shi. Nan ba Dogo ba ne. Shekara arba'in ina rufe gidan nan, kin zo kin yaye shi a wata biyu."

Ba a koya wa Lubabatu musu da uwar miji ba. Ta koma gindin murhu tana hawaye, tana ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Maganar ƙauyen ce ta fi yi mata ciwo, domin abincin ƙauyen nan shi ke riƙe da gidan kwana ashirin ke nan.

Washegari da hantsi Ya Fanta ta shiga gidan Balki, ba don zumunci ba. Ta ce ta faɗa mata wanda ya kawo maganar, ko su raba gaisuwa daga yau. Balki ta yi ta kewaye-kewaye, da ta ga ba mafita ta ce:

"Ba wanda ya kawo, Ya Fanta. Maigidana ne ya gani."

"Ya gani? A ina? Katangata ya hau?"

"A tele ɗin Alhaji Alkasum, ta bakin magaza. Ni na ɗauka kin sani. An ce gidanku duk yana fitowa a ciki."

Ya Fanta ba ta gane ba, ba ta kuma tsaya a yi mata bayani ba. Ta gyara laffayarta, dogon mayafin nan da matan Barebari ke naɗe jiki da shi tun daga kai har idon sawu, ta zagaya lungu ta ɓullo gaban magazar.

Maza bakwai ko takwas ne a bencin, butar shayi na kan gawayi. Alhaji Alkasum na kan kujerarsa da carbi. Suma'ila na tsugune a gindin bango yana naɗe wayar da akuya ta ci da leda. Sallamarta ta tsayar da hirar cak. Ba ta dubi kowa ba, ta dubi inda idanunsu suka guje wa.

Allon a rabe yake gida huɗu. Ɗaya fari fat. Ɗaya saman hulunan mutanen da ke zaune. Ɗaya baƙi ƙirin. A na huɗu ta ga darbejiyar da Mala ya shuka. Ta ga turminta a kife, ta ga igiyar shanya da wandon jikanta a kai. Ta ga ƙofar makewayi da tsohon buhun da suka rataya a matsayin labule. A tsakiya kuma ga Lubabatu da ɗaurin ƙirji, kitsonta a waje, ta duƙa kan roba tana tsiyaye ruwa. Tana cikin yi ta tsaya, ta goge ido da bayan hannu, ta ci gaba. Kukan jiya ne bai ƙare ba.

Abu biyu suka haɗe wa Ya Fanta: kunyar abin da ta yi wa yarinyar, da wani fushi da tunda take ba ta taɓa jin irinsa ba. Waɗannan fa ba baƙi ba ne. A cikinsu akwai wanda Mala ya koya wa alwala, akwai wanda ita ta je sunansa. Kwana goma sha biyu suna zaune suna kurɓar shayi, matar wani tana kai-komo a gabansu ba riga, ba a samu mutum ɗaya da ya miƙe ya ce a kashe ba. Ba a samu ɗaya da ya zagaya ya buga ƙofa ya ce ku shiga ɗaki ba. Abin da suka iya shi ne su koma gida su ba matansu labari, a aiko da ƙwarya, a ce an yi aikin lada.

"Ya Fanta, da kin aiko ai sai in zo," in ji Alhaji, yana ƙoƙarin miƙewa.

"Alkasum." Ta yar da Alhajin, kowa kuma ya ji ta yar. "Mene ne wannan?"

"Na ɓarayi ne, Ya Fanta. Kin san halin da ake ciki. Katangar baya nake tsaro."

"Ka kama ɓarawon?"

"To... tukuna dai."

"Wancan farin fa, me yake tsaro? Wancan baƙin fa? Guda huɗu ka saya, uku makafi, mai idon kuma ka juya ta kan matar ɗana."

Suma'ila ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Shi a ganinsa aikinsa aka taɓa.

"Iya, ki yi haƙuri, amma kamera ba ta san gidan kowa ba. Inda aka nuna mata, nan take kallo."

"Wa ya nuna mata?"

Suma'ila ya koma kallon wayar da yake naɗewa.

"Ba kai ne ka aiko ranar nan a ce mu shiga ɗaki za ka hau soro ba? Muka shiga, muka zauna cikin zafi har aka ce ka sauko. Na ce yaron nan ɗan mutunci ne. Ashe ba ka sauko ba. Kana can har yanzu, ka kuma gayyato unguwa ta hau tare da kai."

Wani dattijo a ƙarshen benci ya ajiye kofinsa ya sulale. Sauran suka rasa inda za su sa idonsu. In sun dube ta ba daɗi, in sun dubi allon ya fi muni.

"A sauke ta yanzu," in ji Ya Fanta.

Nan aka shiga kame-kame. Aka ce tsanin da ke kaiwa can na magina ne, sun tafi da shi garin Mirriya, sai ranar Alhamis. Ta ce to a zare wayarta. Alhaji ya sosa ƙeya ya ce ita kaɗai ce ke aiki, in ya kashe ta me ya rage masa, ga kamiyo na hanya da kaya. Ta ce to a kashe allon. Ya ce in mutane suka ga allo a mace za su ɗauka duk sun mutu, ɓarayi su samu ƙofa. Suma'ila, wai shi zai gyara magana, ya ce ko an kashe allon ma na'urar tana ajiye hoton kwana talatin a cikinta. Da alfahari ya faɗa. Da ta ce a goge, sai ya dubi ƙasa ya ce lambar sirrin da ya sa ta ɓace masa, sai ya kira wanda ya sayar masa a Yamai.

Alhaji ya ga maganar na neman fin ƙarfinsa a gaban mutane, sai ya yi abin da masu hatsi suka iya a shekarar yunwa. Ya ɗaga murya yadda na bakin hanya ma zai ji, ya kira ɗan dakonsa.

"Habu! Ɗauko buhun gero ɗaya, mai kyau, ka kai gidan Mala. Ya Fanta, wallahi da ban gani ba, da ban san abin ya kai haka ba. Kin ga ashe abin ya zama alheri."

Alheri fa ya ce. Ya yaye wa gida sutura, ya baje shi a kan kanta kusa da butar shayi, sannan ya kira abin alheri, yana kuma jiran godiya. Ya Fanta ta dube shi ta ce:

"Farin shekarar tamanin da huɗu, shekararka nawa, Alkasum? Sha biyu? Kullum azahar akwai akushi a zauren Mala, bayan ƙyaure. Ka tuna? Mala ya hana kowa zama a zauren nan daga azahar zuwa la'asar. Ni nake tuƙawa, ni nake ajiyewa, in koma ciki in ja ƙofa. In na dawo in tarar da akushi a wanke. Wata bakwai ana haka. Har Mala ya koma ga Allah bai taɓa tambayar wa ke ci ba, ni ma ban taɓa leƙawa ba. Da tari kawai na gane ka, ranar da ka ƙware. Shekara ashirin da takwas ban faɗa wa kowa ba. Yau ka sa na faɗa a gaban mutane. Allah ya yafe mini."

Carbin Alhaji ya tsaya a hannunsa. Bakinsa ya motsa, sai kowa ya zaci zai ce a kashe. Bai ce ba. Ido ya kai kan buhunansa da ke jibge har rufi, ya dawo da shi ƙasa.

Sai Ya Fanta ta kama bakin laffayarta ta fara warwarewa. Tun ranar da aka kawo ta Birni tana amarya, babu namijin da ya taɓa ganinta a waje ba tare da ita ba. Ta warware ta tsaf, ya rage daga ita sai kallabi da tsohuwar rigar atamfa da ta koɗe, ga ƙasusuwan wuyanta da azumin dole ya fito da su. Ta ninka mayafin biyu ta lulluɓe allon, ta zagaya ta ƙulle shi ta baya, ƙulli biyu.

"Duk wanda ya kwance wannan, uwarsa ya kwance wa zane," ta ce. "Ranar Alhamis a aiko mini da abina."

Yanzu ne suka sunkuyar da kai, dukansu, yanzu da tsohuwa ce a gabansu kuma tana ganin su.

Ta bi lungu haka nan, yashi na ƙona mata ƙafa ta gefen takalmi. Wanda ya hango ta sai ya juya fuska bango. Wata mata ta miƙo mata gyale ta bakin ƙofa, ba ta karɓa ba. Ta tura ƙyauren zaurenta ta shiga.

Lubabatu na ganinta ta saki robar, ruwan ɗaci ya malale a ƙasa.

"Innalillahi! Iya, wa ya rasu? Gana ne?"

"Ba wanda ya rasu. Shiga ɗaki ki sa riga."

Ya Fanta ta matsa ta tsaya tsakanin Lubabatu da katangar magaza, duk da ta san tsayinta bai tare komai ba. Sannan ta waiwaya ta ɗaga kai, karon farko. Ga shi can a kusurwar soro, ɗan abu baƙi, bai fi gwangwanin tumatir ba. Lubabatu ta bi idonta da kallo.

"Mene ne wancan, Iya?"

"Shi ne ya faɗa, ba ke ba. Duk abin da ake yi a nan yana fitowa a tele a bakin magaza. Ɗiyata, na zalunce ki jiya. Ki yafe mini."

Lubabatu ba ta ji neman gafarar ba. Idonta na kan abin.

"Maza ne a wurin?"

"Na rufe shi."

"Kafin ki rufe, Iya."

"Maza ne."

"Tun yaushe?"

Ya Fanta ta so ta rage kwanakin, bakinta ya ƙi.

"Kwana goma sha biyu."

Lubabatu ta haɗa hannuwanta biyu a ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Da baya-baya ta tafi har ta shige ɗaki, ta saki labule.

Ba a jima ba aka yi sallama a zaure, aka ji ƙarar abu mai nauyi ya faɗi ƙasa. Kafin Ya Fanta ta isa, Habu ya ajiye buhun ya yi gaba, ko amsa bai jira ba. Yaran uku suka rugo suka kewaye shi. Ƙaramar ta sa yatsa ta wata ƴar ɓula ta zaro ƙwayoyi ta jefa a baki, tana tauna ɗanyen gero tana dariya.

"Ku matsa! Kada wanda ya ƙara taɓawa," in ji Ya Fanta. "Yanzu zan nemo mai amalanke ya mayar masa da tsiyarsa. Gidan Mala bai kai ga sadakar Alkasum ba."

"Ki bar shi, Iya."

Lubabatu ce a bayanta. Ta sa riga mai dogon hannu, ta ɗora hijabi har ƙasa, da tsakar rana, a cikin gidanta. Tunda ta zo gidan nan ba ta taɓa katse wa uwar mijinta magana ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

"Ba sadaka ba ce. An riga an kalle ni. Ki bar yarana su ci."

Ya Fanta ta tsaya tana jin ƙarar haƙoran jikarta a kan geron. Sannan ta duƙa ta kama kunnen buhun ɗaya, Lubabatu ta kama ɗayan, suka ja shi ta gindin bango har cikin ɗaki, ba wadda ta dubi ƴar'uwarta.